Shawagin Jirgi Da Shawagin Harshe A Yammacin Zamfara

A yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, mutane sun koyi wani sabon karatu a 'yan shekarun nan, wato karatun sararin sama. A da manomi ba ya ɗaga kai sai don ya ga ko hadari ya haɗo daga gabas. Yanzu kuwa yaron da bai cika shekara goma ba yana iya bambance ƙarar jirgin yaƙi da ta mai saukar ungulu. Jirgin da ya fi tayar da magana shi ne wanda ya zo bai wuce ba, bai kuma yi harbi ba, sai ya kama zagaye a wuri ɗaya kamar shirwa ta hango 'yan tsaki. Kafin ƙararsa ta ɓace an riga an yanke masa hukunci a majalisu da teburan masu shayi da wayoyin hannu.

Hukuncin ba ya wuce ɗaya cikin uku. Wasu su ce makamai ya kawo wa ɓarayin daji. Wasu su ce zinare ya zo ɗauka. Wasu kuma su rantse cewa matuƙin ya ga ɓarayin ƙuru-ƙuru, amma manya suka bugo masa suka ce kada ya kuskura ya taɓa su. Ni haifaffen Tungar Daji ne a Ƙaramar Hukumar Anka, kuma ko da yake aikin koyarwa ya zaunar da ni a Gusau, da wuya wata ya wuce ban ji ɗaya daga cikin waɗannan maganganu a bakin 'yan'uwana ba. Ba na raina masu faɗarsu, domin na san abin da idanunsu suka gani. Sai dai akwai wani ɓangare da ba a cika jin muryarsa a wannan shari'a ba, shi ne mutumin da ke zaune cikin jirgin. Na samu damar sauraron ɗaya daga cikinsu, kuma ina ganin ya kamata mai karatu ya ji abin da ya ce, sannan ya ji abin da na mayar masa.

Bari mu fara da shi kansa zagayen. Duk wanda ya koyi tuƙin jirgi, ko a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya ko a makarantun sojan sama na Kaduna da Kano, sai an koya masa shawagin jira. Jirgi ba mota ba ne balle a taka birki a gefen hanya a saurara. Idan ya daina gudu, faɗowa zai yi. Saboda haka idan titin sauka ya cika, ko hazo ya rufe gari, ko hadari ya tsaya a kan filin jirgi, sai masu hasumiya su umarci matuƙi ya jira a wani wuri da aka tanada a sama. Siffar zagayen kamar ta filin sukuwa ce. Jirgi zai miƙe na minti ɗaya, ya juya na minti ɗaya, ya sake miƙewa na minti ɗaya, ya sake juyawa ya dawo inda ya fara, kewaye guda ke nan cikin kimanin minti huɗu. Ƙa'ida ita ce a juya dama sai in an ce a yi hagu, kuma juyin ba na gaggawa ba ne, digiri 3 ne a kowace daƙiƙa. Idan jirgi ya haura ƙafa 14,000 a sama, sai miƙewar ta koma minti ɗaya da rabi. In jiragen suna da yawa, akan jera su hawa-hawa da tazarar ƙafa 1,000 tsakanin kowane biyu, na ƙasa ya sauka, na samansa ya gangaro ya maye gurbinsa.

Mai kallo daga ƙasa zai ɗauka hutawa matuƙin yake yi, alhali lokacin ne aikinsa ya fi yawa. Iska tana tura jirgi gefe, dole ya riƙa karkata hancinsa don kada ya fice daga iyakar da aka ba shi. Idonsa guda yana kan agogo, guda yana kan ma'aunin mai, yana lissafin minti nawa suka rage kafin ya haƙura ya nufi wani filin. Wannan lissafi shi ne rai da mutuwa. A ranar 25 ga Janairu, 1990, wani jirgin kamfanin Avianca da ya taso daga Kolombiya zuwa New York ya shafe fiye da sa'a guda yana shawagin jira a wurare uku saboda rashin kyawun yanayi. Mansa ya ƙare, ya faɗi kafin ya kai ga sauka, mutum 73 suka mutu daga cikin 158 da ke ciki. Masu bincike sun gano cewa matuƙan ba su fito fili sun shaida wa masu kula da zirga-zirga cewa suna cikin halin ta-ɓaci ba. Jira yana da iyaka, kuma shiru a lokacin da ya kamata a yi magana yana kisa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wanda ya warware mini bambancin wannan da shawagin jirgin soja wani dattijo ne da ya yi ritaya daga rundunar sojan sama, muka haɗu a gidan wani aboki a Kaduna. Da ya ji inda na fito sai ya gyara zama, ya ce, "Malam, faɗa mini abin da mutanenku ke cewa a kanmu, kada ka rage komai." Na ce, "Yallaɓai, in na faɗa duka ba za mu rabu lafiya ba." Ya yi dariya ya ce na faɗa, na kuwa faɗa.

Bayaninsa shi ne, jirgin soja ba titin sauka yake jira ba, tabbaci yake jira. Yakan zagaya wuri ne don na'urar ɗaukar hotonsa ta ci gaba da kallon abu guda ba tare da ta rabu da shi ba. A cikin wannan lokaci matuƙin yana ƙoƙarin amsa tambayoyin da ba su da sauƙi. Su wane ne waɗancan? Shin su ne aka ba da rahoto a kansu, ko wasu ne suka biyo hanyar? Akwai mata da yara a kusa? Ina sojojin ƙasa suke? Idan kuma ya gamsu, ba shi kaɗai ke yanke shawara ba, akwai waɗanda zai jira su ba da izini. Ya ce in kwatanta a raina yadda babura ashirin a ƙarƙashin itatuwa suke bayyana daga nisan kilomitoci. Ɓarawon daji yana kan babur da bindiga. Ɗan sa-kai yana kan babur da bindiga. Mai garkuwa da mutane kuma yana tafe ne da waɗanda ya sato a tsakiyarsa. Daga sama duka ɗigo ne baƙaƙe masu motsi.

Ya ƙara da batun mai. Shekaru da dama Zamfara ba ta da cikakken filin jirgin sama sai ɗan filin sauka a Gusau, don haka jiragen yaƙi daga nesa suke tasowa, daga wurare irin su Katsina. Kafin su iso sun ƙone wani kaso na mansu, kuma dole su ajiye na komawa. Akwai wani mizani da matuƙan soja ke kira bingo, da zarar mai ya sauka zuwa nan sai juyawa gida, ko da abin da ake nema yana gab da fitowa fili. Jirgin da muka ga ya zagaya sau biyar ya tafi, muka ce an saye shi, mai yiwuwa ma'aunin mai ne ya kore shi.

Sannan ya tuna mini cewa su ma ana harbinsu. A ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet a Zamfara yana dawowa daga aiki a iyakar jihar da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya fice da laima, ya ɓuya har duhu ya shiga, ya yi ta tafiya a ƙasa har ya kai ga sansanin sojoji. Jirgin da ke zagaye wuri guda, in ji dattijon, ya gaya wa mai bindiga inda zai kasance nan da minti biyu. Babu matuƙin da ke son wannan zama, ana yinsa ne don gudun zubar da jinin da bai kamata ba.

A nan maganarsa ta fi nauyi, domin kowa ya san abin da gaggawa ta jawo. A ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan sama ya jefa bama-bamai a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno, fiye da mutum 100 suka rasu, har da ma'aikatan agaji. Daga baya Hedikwatar Tsaro ta ce ba a sanya sansanin a taswirar aikinsu ba. A Disambar 2022 an yi irin wannan a Mutumji ta Masarautar Ɗansadau, rahotanni suka ce fiye da mutum 60 fararen hula suka mutu. A ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu taron Mauludi a Tudun Biri ta Ƙaramar Hukumar Igabi a Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85. A Janairun 2025 kuma 'yan sa-kai da mutanen gari da suka fito bin sawun ɓarayi a Tungar Kara, yankin Zurmi da Maradun, su harin ya samu. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, da an ƙara zagaye biyu ko uku ana dubawa, wataƙila da yau akwai yaran da ba marayu ba. Wanda ke zagin jirgi don ya yi shawagi bai yi harbi ba, ya tambayi kansa ko zai so a yi saurin harbi ranar da ɗansa ne ke kan babur ɗin.

Da na tambaye shi abin da ya fi ɓata wa matuƙa rai game da masu shaci-faɗi, sai ya lissafa abu uku. Na farko, mutumin da bai taɓa leƙa ɗakin tuƙi ba yakan gama bincike cikin minti goma ya wallafa sakamako, alhali masana sukan ɗauki watanni. Na biyu, ana kiransu maciya amana a daidai lokacin da suke binne abokan aikinsu, kuma dokar soja ta hana wanda ke bakin aiki fitowa ya kare kansa a jarida. Na uku, kuma shi ne ya ce ya fi haɗari, mutane suna rige-rigen sanar da duniya a Facebook da WhatsApp cewa ga jirgi ya nufi daji kaza. Ɓarayin suna da waya, suna da masu kai musu rahoto a cikin gari. Wanda ya rubuta don ya burge abokansa ya zama ɗan leƙen asirinsu kyauta bai sani ba.

Na yarda da duka ukun. Amma na ce masa, Yallaɓai, ruwa ba ya tsami banza, kuma mutanenmu ba daga mafarki suka samo zarginsu ba.

Tungar Daji tana cikin ƙauyukan da gubar dalma ta faɗa wa a 2010, tare da Dareta da Abare da Sunke da Duza da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Dutsen zinaren da ake dakawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma, ƙurarsa ta shiga jikin yara, kimanin 400 suka mutu a faɗin yankin. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara kafin duniya ta farga, aka zo aka kwashe ƙasar tsakar gidajenmu aka zuba sabuwa. Zinaren ya fita, mu aka bari da makoki. Mutumin da ya ga haka da idonsa, in ka ce masa akwai masu cin riba da wahalarsa, ba sai ka rantse ba.

Hukuma da kanta ta ƙara wa zargin ƙarfi. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara, tana mai cewa akwai alaƙa tsakanin haƙar da ta'addancin 'yan bindiga. A cikin wannan wata ne Majalisar Sarakunan jihar ta koka cewa hare-haren sama suna faɗa wa bayin Allah da ba su ji ba su gani ba, rundunar sojan sama ta musanta. A Maris na 2021, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, Shugaba Muhammadu Buhari ya haramta shawagin jirage a sararin samaniyar Zamfara, ba tare da an bayyana wa jama'a jiragen su wa ake nufi ba. Idan gwamnati ta rufe sama ta yi shiru, me ake so talaka ya fahimta? Sai ya cike gurbin da abin da zuciyarsa ta raya masa.

Haka kuma jinkiri ma yana da nasa gawarwakin. Daga 4 zuwa 6 ga Janairu, 2022, 'yan bindiga suka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum suna kisa da ƙone-ƙone. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce adadin ya kai wajen 200. Kwana uku aka yi ana wannan ɓarna. Wanda ya kwana a ɓoye cikin karan dawa yana sauraron sama, ba zai gamsu da darasin ma'aunin mai ba. Kawuna, wanda ya haura shekara saba'in, ya taɓa yi mini tambayar da ta fi ƙarfina. Ya ce, "Ɗana, tunda suna ganin komai daga sama, ya aka yi ba sa ganin shanu ɗari biyar ana kora su da rana tsaka?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma haƙƙinsa ne a ba shi amsa. Idan amsar ita ce jirage ba su isa ba, ko rahoto ba ya kaiwa da wuri, ko ana tsoron kashe waɗanda aka sace tare da shanun, to a faɗa masa.

Abin da nake so rundunar ta gane shi ne, ji-ta-ji-ta ba a kashe ta da toshe baki. An gwada. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako. Ina Gusau a lokacin, kuma abin da na gani shi ne labarai sun koma bakin direbobi da fasinjoji, kowane ya wuce tasha guda sai ya ƙara ƙiba, babu kuma hanyar da za ka kira gida ka tantance. Maganin ƙarya shi ne gaskiya ta riga ta isowa. A harkar jiragen farar hula, ƙa'idar duniya ita ce a fitar da rahoton farko cikin kwana 30 bayan haɗari, sannan a wallafa cikakken rahoto kowa ya karanta, don a gyara, kada a maimaita. Wannan al'ada ce ta sa tafiya a jirgi ta zama mai aminci. Na san sirrin yaƙi daban ne, ba kuma wanda ke neman a bayyana masa shirin gobe. Amma abin da ya riga ya faru jiya, wanda aka binne mutane saboda shi, ba sirri ba ne a wurin waɗanda suka haƙa kaburburan. Bayan Tudun Biri an sanar cewa jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja. Irin wannan mataki, in aka kai shi ƙarshe a bainar jama'a, ya fi sanarwar musantawa ɗari tasiri. Matuƙan jirgin Avianca ba su fito fili sun ayyana halin ta-ɓaci ba har mai ya ƙare. Amincewar jama'a ma mai ce, tana ƙonewa a hankali, kuma rundunar da ta bari ta ƙare ba za ta samu mai gaya mata inda ɓarayi suka kwana ba.

Darasin Rann kuma namu ne kai tsaye. Tunda rashin alama a taswira ya kashe mutum fiye da 100, ya kamata kowane hakimi da dagaci a Anka da Bukkuyum da Gummi ya tabbata sojoji sun san ranakun kasuwanninsa, da wuraren da 'yan gudun hijira suka yada zango, da lokutan manyan taruka. Askarawan Zamfara da 'yan sa-kai su samu tabbatacciyar hanyar sanar da sojoji kafin su fita bin sawu, da wata alama da za a gane su da ita daga sama. Wannan aiki ne na gwamnatin jiha da masarautu da rundunar tare, ba ya buƙatar sayen sabon jirgi.

Saura mu, musamman ɗalibai da malamai da duk wanda Allah ya ba ilimi da waya a hannu. A ƙauye maganar ɗan boko tana da nauyi, abin da ya tura wa ƙaninsa da safe shi za a maimaita a ƙofar masallaci da yamma a matsayin tabbas. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Kafin ka tura, raba abin da ka gani da abin da ka ji da abin da kake zato. "Na ga jirgi ya zagaya dajin yamma da gari wajen minti ashirin ya tafi" shaida ce, tana da amfani ga mai bincike da ɗan jarida. "An sauke wa ɓarayi makamai" tuhuma ce, tana buƙatar wanda ya ga saukewar. Idan kana da irin wannan hujja, ka kai ta inda za ta yi aiki, wurin 'yan jarida masu bincike da 'yan majalisa da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam, ka tsaya a kanta. In ba ka da ita, ka yi tambaya da babbar murya, amma kada ka ƙirƙiri amsa. Motsin jirgi ko na sojoji kuwa, a bar shi sai an gama aiki. Kada kuma a laƙaba wa wani ƙauye ko wata ruga sunan maɓoyar ɓarayi a kan zato, domin a wannan zamani irin wannan kalma tana iya jawo wa mutane wuta daga sama.

Matuƙin kirki yana zagaye ne har sai ya tabbatar, yana kuma sane da cewa ba zai zagaya har abada ba. Abin da muke nema a wurin rundunar ke nan, ta tantance kafin ta harba, ta iso kafin a gama da mu, ta kuma yi mana bayani in an yi kuskure. Mu ma abin da ake nema a wurinmu bai wuce haka ba, mu tantance kafin mu furta. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a ƙasa da waɗanda suka rasu a sama, Ya dawo wa Zamfara da zaman lafiya.